Tagulla a Ruwan Gishiri

Tsohon mai gyaran famfo ya cire bawul ɗin roba, wato makullin ruwa, ya ɗaura na tagulla.

Ya yi haka ne ranar da aka kafa tankin kifi a ɗakin jira na asibitin haƙori, lokacin da 'yarsa Auta ta fita ɗauko buhunan gishiri daga mota. Kafin ta fita ta ce masa, "Baba, roba kawai. Komai na wannan aikin roba ne." Ya ce, "To." Tana ba da baya ya ɗauki bawul ɗin da ta ba shi, ya auna shi a tafin hannu. Bai kai nauyin kwalin ashana ba. Ya jefa shi kwandon shara. Ya buɗe akwatin aikinsa ya ciro nasa, wanda ya naɗe a tsumma mai maiƙo shekara ashirin yana jiran aikin da ya cancanta. Ya kwanta rigingine ƙarƙashin kabad ɗin da tankin ke zaune a kai, ya ɗaura shi can baya, inda ruwan da aka tace ke komawa sama. Ba mai ganinsa sai wanda ya kwanta yadda ya kwanta. Bai gaya mata ba. Kyauta ce, shi kuwa ba ya yi wa kyauta shela.

Sati huɗu ke nan da yin haka. Yau da ƙarfe tara na safe ta kira shi, ta ce ya zo.

Ya same ta durƙushe gaban tankin, hannun rigarta a jiƙe har gwiwar hannu. Tankin ya fi tsawon mutum a kwance. A ciki an jera fararen duwatsu masu ramuka, a sama kuma wata siririyar fitila na rataye tana zuba haske shuɗi. A kan duwatsun aka dasa murjani, ba irin na wuya ba, mai rai, wanda ke kama da tsiro alhali dabba ne. Kwana goma da suka wuce Tsoho ya gan su a buɗe kamar furanni, suna rangaji da ruwa. Yanzu duk sun dunƙule, sun koɗe, wani farin yauƙi na tashi daga jikinsu. Dodon koɗin da aka zuba don su riƙa lashe gilashi sun zube a kan yashi, bakinsu sama. Jatan lande biyu na kwance a kusurwa. Kifaye huɗu ne kawai ke ta zagaye abinsu, masu launin lemo da fararen layuka, kamar ba a gidansu ake makoki ba.

"Tun yaushe?" in ji Tsoho.

"Tun shekaranjiya suka fara. Yau na zo na tarar da wannan."

Wani mutum mai kumburarren kunci da ke jiran layi ya leƙo. "Ai kifin lafiyarsu lau," in ji shi ta gefen baki. "Da ni ne da lafiyar nan, da ban zo nan ba."

Ba wanda ya yi dariya.

Ƙofar ciki ta buɗe, Likita ya fito yana cire safar hannu. Gajere ne, mai sanƙo, ba ya ɗaga murya. Ya gaida Tsoho da girmamawa, don shi ya ja duk bututun ginin nan shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma ko ɗigo bai taɓa zuba ba. Saboda sunan Tsoho ne ma ya ba Auta aikin, alhali ba ta taɓa haɗa tanki mai girman wannan ba.

"Yara suna zuwa nan a tsorace," in ji Likita. "Na sa wannan abu don su manta da tsoro. Jiya wata yarinya ta tambayi uwarta ko su ma haƙori aka cire musu suka mutu."

"Likita, zan gyara," in ji Auta.

"Ba gyara nake tambaya ba. Abin da ya kashe su nake son ji. Ni ma ba na cire haƙori sai na san wanne ne. Ƙarfe huɗu zan gama da marasa lafiya. In kin zo da sunan abin, mu ci gaba. In ba ki zo da shi ba, akwai kamfanin da suka yi ta bina tun farko. Zan kira su."

Ya koma ciki. Auta ta ɗebi ruwan tankin a kwalba ta rufe.

A cikin bas suka zauna kujera ɗaya, ita riƙe da kwalba, shi da akwatin aiki a kan gwiwa. Shekara biyu ke nan da ta ajiye aikin ofishin inshora ta kama wannan sana'a. Ranar da ta gaya masa, abin da ya ce kawai shi ne, "Kifin da ba a ci." Daga nan bai ƙara ce mata komai ba bayan amsa gaisuwa. Ranar da ta zo ta ce ya ja mata bututun wannan tankin ce ranar sulhu, ko da yake ba wanda ya kira ta da wannan suna.

"Fitilar ce," in ji shi, yana kallon titi.

"Wataƙila."

"Ba wataƙila. Tun ran farko na faɗa miki. A ina aka taɓa ganin rana shuɗiya?"

"Baba, a ƙarƙashin teku haka hasken yake."

"Kin taɓa shiga?"

"Na karanta."

"A waya."

Bas ta tsaya, wata mata ta shigo da kaya ta danne masa ƙafa, bai motsa ba.

"Ko fitilar ce ko injin tace ruwan," in ji Auta can. "Wataƙila ya yi ƙanƙanta. Na so in ɗauki babban, Dogo ya ce wannan ya isa."

"Dogo." Tsoho ya yi tsaki. "Mutumin da ke zuwa wurin aiki da gajeren wando. Wa ya koya masa sana'a? A gaban wa ya durƙusa?"

"Shi kaɗai ke kawo kayan ruwan gishiri a garin nan."

"Shi ya sa yake sayar muku da abin da ya ga dama."

Ya ji daɗin maganar a bakinsa. Ya gyara zaman akwatin.

Shagon Dogo siriri ne mai zurfi, tankuna hagu da dama har rufi, ko'ina ƙugin injuna da warin gishiri. Ƙasa a jiƙe take. Dogo na tsaye kan benci yana goge wani gilashi, da gajeren wandonsa da silifa. Ya sauko, ya rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Yau ka kawo mana albarka."

"Ba albarka na kawo ba," in ji Tsoho.

Auta ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta wuce wurin kanta inda aka jera fitilu. Akwai doguwar fara mai araha, akwai irin wadda ta saya, akwai kuma wata faffaɗa da ake juyawa da waya, mai kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta. Ta ɗora hannu kan faffaɗar. Sannan ta nuna injin kumfa mafi girma a shagon, wanda ke kaɗa ruwa ya yi kumfa, kumfar ta kwashe datti ta tara a kofi.

"Wannan da wannan. Yanzu nake so. Waɗanda ka ba ni sun kashe min murjani."

"Ni ɗan kasuwa ne," in ji Dogo. "In kin ce in ɗaure miki su, zan ɗaure, har in rako ki bakin titi. Amma zauna tukuna. Baba, ga kujera."

Tsoho bai zauna ba.

"Irin murjanin da kika dasa masu laushi ne," in ji Dogo. "Ba sa son haske mai ƙarfi. Na ce ki fara da rabi, ki riƙa ƙarawa duk sati. Kin yi?"

"Na yi."

"Awa nawa?"

"Takwas."

"Kofin kumfa fa?"

"Duk kwana uku nake zubarwa."

"Kifin?"

"Lafiya lau."

"Suna cin abinci?"

"Har da wawaso."

Dogo ya daina goge hannunsa. "Dodon koɗin fa?"

"Duk sun zube. Jatan landen ma."

"To ajiye fitilar nan," in ji shi. "Fitila ba ta kashe dodon koɗi. Shi da rana da duhu duk ɗaya, gilashinsa yake lasa. In kin sa wannan faffaɗar a kan murjani marar lafiya, ƙarasa shi za ki yi. Injin kumfa kuma datti yake kwashewa, in dattin ne da kifin sun fara nunawa. Ruwa ba ya tsami banza. Kawo kwalbar."

Ya jera ƙananan kwalabe a kan kanta. Ya auna gishiri, ya ce daidai. Ya ɗiga wani magani, ya jira, ya ce ba datti. Ya ɗiga wani, ya ce wannan ma lafiya. Auta na kallon agogon bango. Sha biyu ta wuce. Sai Dogo ya jawo aljihun tebur, ya tona can ƙasa, ya ciro wata 'yar kwalba da ƙura ta rufe.

"Wannan ban cika taɓa ta ba," in ji shi.

Ya ɗiga a ruwan, ya girgiza, ya ɗora kan farar takarda. Su uku suka zuba ido. A hankali ruwan ya fara sauya launi. Dogo ya kara shi da wani kati mai layukan launi, ya matsa ƙasa, ya ƙara matsawa.

"Jan ƙarfe," in ji shi. "Akwai tagulla a cikin ruwanki."

"Tagulla kuma?"

"Ruwan gishiri cin ta yake yi. Tana narkewa a hankali, ba a gani. Kifi na iya jure kaɗan. Amma murjani da dodon koɗi da jatan lande, guba ce gare su. Ko tsabar kuɗi ɗaya yaro ya jefa a ciki, ta isa."

"Tankin a rufe yake. Na tona yashin jiya, ba komai."

"To wani wuri take. Wurin da ruwa ke bi kullum."

Tsoho ya ji hannun akwatin ya yi masa sanyi a tafi. Ya san gishiri na cin ƙarfe, wa zai koya masa wannan? Shekara arba'in da biyar yana tunanin abin da ruwa ke yi wa ƙarfe. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da ƙarfe ke yi wa ruwa ba. Dubban mutane sun sha ruwa ta bawul ɗinsa na tagulla, sun yi wanka, sun haifi 'ya'ya, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Ya buɗe baki zai faɗi haka. Ya rufe.

"Wa ya haɗa bututun?" in ji Dogo.

"Babana."

"Duk roba ne?"

Tsoho aka yi wa tambayar, amma Auta ce ta amsa, kuma da zafi.

"Duk roba ne. Ni na saya, ni na ƙirga, ni na miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka soma. Mutumin nan tun ba a haife ka ba yake jan bututu, ba a taɓa kiransa ya dawo gyaran aikinsa ba. In kana neman inda za ka jingina laifi, nemi wani bangon."

"Tambaya na yi."

"To ni ma ga tambaya. Injin da ke tura ruwa sama, me ke cikinsa? Ba waya ba ce ta jan ƙarfe?"

"Ita ce. Amma a rufe take ruf."

"In ya tsage fa?"

"Yana faruwa," in ji Dogo a hankali. "Amma sabo na ba ki, a kwalinsa."

"Sabo a kwali, ko tsoho a sabon kwali?"

Fuskar Dogo ta canja. Wani mai sayen abincin kifi da ke tsaye bakin ƙofa ya ajiye gwangwanin ya kasa kunne.

"Shekara shida ina wannan shagon," in ji Dogo. "Ba a taɓa faɗa min haka ba."

"Yau an faɗa. Kuma zan faɗa wa Likita, zan kuma faɗa wa duk masu tanki a garin nan, su san abin da suke saye."

Ta dubi ubanta don ya sa baki. Kullum yana da abin faɗa game da Dogo. Tsoho na kallon wani kifi shuɗi da ke ta kai da komo a tankin da ke gefensa.

"Baba?"

"Je ki kira Likita," in ji shi. "Ki ce muna tafe."

Ta fita da wayar a kunne. Mai sayen abincin kifi ya bi bayanta, bai sayi komai ba.

Shagon ya rage su biyu da ƙugin injuna. Tsoho ya taka zuwa bango inda aka rataye kayan haɗi a ƙananan ledoji. Bai daɗe yana nema ba. Ya ciro bawul ɗin roba fari, ya kawo kan kanta ya ajiye, ya ɗora kuɗi a gefensa.

Dogo ya dubi bawul ɗin. Ya dubi Tsoho. Ya sake duban bawul ɗin.

"Inci ɗaya?" in ji shi.

"Inci ɗaya."

"Da hannu ake ɗaure shi, Baba. Ba ya son sifana."

"Na sani."

Dogo ya sa shi a leda. Ya ɗauko wasu ƙunshi biyu ya haɗa, yana magana ƙasa-ƙasa, idonsa kan hannunsa.

"Wannan gawayi ne, wannan kuma fararen ƙwayoyi ne masu tsotse tagulla. A sa su a ƙaramin tankin da ke cikin kabad, inda ruwa ke wucewa. A zubar da rabin ruwan yau, rabi jibi. Duwatsun sun riga sun sha, sai an canja su. Murjanin a kawo min su yau ɗin nan in sa a nawa tankin. Wasu za su tashi. Ba duka ba." Ya ɗan tsaya. "Zan ba ta sabon injin tura ruwa. Ta ce wa Likita injin ne. Ai ba ni na ƙera shi ba."

"Wa ya roƙe ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Ta ce za ta ɓata maka suna."

"Sunan shekara shida ne. Zai warke."

Tsoho ya ɗauki ledar ya cusa can ƙasan akwatinsa. Ya so ya ce wani abu mai kaifi game da gajeren wando. Bai samu ba.

A hanyar komawa Auta ta rungume sabon injin a kwalinsa, tana ta magana. Ta ce ka gani, da ba shi da laifi da bai ba da sabo ba ko gardama. Ta ce gara da suka zo tare, don da ita kaɗai ce da ya raina ta. Ta ce ta san abin da za ta faɗa wa Likita, kalma uku ce, inji ya tsage. Cunkoso ya riƙe su a gada kusan awa guda. Rana ta daki Tsoho ta taga, bai ja labule ba.

Uku da kwata suka shiga ɗakin jira. Mutum biyu suka rage a layi, wani dattijo mai barci da wata uwa da 'yarta. Yarinyar ta manna hanci a gilashin tana ƙirga dodon koɗin da ke kwance.

"Je ki nemo bokitai," in ji Tsoho. "Huɗu. Masu tsabta, waɗanda sabulu bai taɓa ba. Na kwashe murjanin."

"Bari in fara cire injin."

"Bokitai tukuna."

Ta dube shi, ta tafi. Tun tana ƙarama ba a maimaita mata magana sau uku.

Ya kashe wutar injin. Ƙugin ya tsaya, ɗakin ya yi tsit, har ana jin kukan na'urar Likita daga ciki. Ya buɗe kabad, ya shimfiɗa tsumma, ya kwanta rigingine. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya tura kai can baya, ya kunna 'yar tocila.

Ga shi nan. Sati huɗu da suka wuce yana sheƙi kamar zinariya. Yanzu wani kore-kore ya feso a bakin haɗin, kamar funfuna a kan tsohon burodi.

Ya sa sifana. Bai motsa ba. Ranar da ya ɗaura shi ya ɗaure shi da dukan ƙarfinsa, ɗaurin da ba a yi don a kwance ba. Ya gyara kwanciya, ya dafe bututun da hannun hagu kada ya tsage, ya ja. Sifana ta zame, bayan yatsunsa ya daki katako, fata ta ɗaye. Ya sake sawa, ya riƙe numfashi, ya ja a hankali, yadda yake koya wa mutane a da: ƙarfe ba ya son fushi. Bawul ɗin ya yi ƙara, ya saki. Ruwan gishiri ya zubo masa a hannu, ya shiga ciwon, ya gangara cikin hannun riga har hammata.

Ya naɗa farin tef, ya ɗaura na robar da hannu. Juyi biyar ya zauna daram. Ko ɗigo babu. Wannan ma ya ba shi haushi.

Ya haska cikin na tagullar. Ciki ya fi waje muni, duk ya zaizaye, ya yi kore shar. Ya sa shi a aljihun riga, ya jawo jiki ya fito, ya zauna a ƙasa yana haki. Nauyin ƙarfen ya ja rigar gefe guda.

Yarinyar ta bar gilashi tana kallonsa. "Kaka, jini," in ji ta.

"Na gani."

Auta ta dawo da bokitai. Ta ajiye, ta dubi hannunsa, ta dubi rigarsa da ta jiƙe.

"Me ka taɓa?"

"Cire injinki."

Ta durƙusa, ta karɓi tocilar, ta tura kai cikin kabad. Ya ji ta zare wayar injin, ya ji ta ɗago shi daga ruwa tana juya shi, tana neman tsaga. Ta daɗe tana nema. Sannan hasken tocilar ya matsa can baya, ya tsaya wuri ɗaya. Bawul ɗin da ta saya ruwan toka ne. Wannan fari ne, da 'yar takardar shagon Dogo manne a jikinsa.

Ta fito a hankali. Ta zauna kan dugaduganta, injin na ɗiga a cinyarta. Idonta ya sauka kan aljihunsa, inda wani koren tabo ke yaɗuwa a jikin yadin.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Na tsumman nan ne?" in ji ta. "Wanda ba ka bari mu taɓa?"

"Shi ne."

"Na ce maka roba."

"Kin faɗa."

"A gabanka na zagi mutumin nan."

"A gabana."

"Ya sani?"

"Ya sani."

Ta rufe ido. Uwar yarinyar ta jawo 'yarta kusa da ita, ta mai da fuska ga wata tsohuwar mujalla. Agogon bango ya nuna huɗu saura minti bakwai. A cikin tankin kifayen nan huɗu sun taru a sama, suna jiran abinci.

Auta ta buɗe ido, ta share fuska da bayan hannu, ta matso kusa da shi. Ta yi ƙasa da murya.

"Ji nan, Baba. An riga an cire. Dogo ya yarda a ce injin ne, ba shi ya ƙera ba, ba wanda zai cutu. Ni zan je in ba shi haƙuri da kaina. Likita suna yake so, zan ba shi suna."

Tsoho ya dubi ƙofar Likita.

"Saboda kai ya ba ni aikin nan. In ya ji kai ne, me ya rage? Zai ce uban ma ga abin da ya yi, ina ga 'yar. Ni in rasa aikin, kai ka rasa abin da ka tara shekara arba'in da biyar. A kan me? A kan dodon koɗi?"

"In ya ce a kawo injin ya ga tsagar fa?"

"Ba zai ce ba."

"Mutumin da ba ya cire haƙori sai ya san wanne ne."

"Baba, don Allah. Sau ɗaya dai ka bi tawa."

Ya dube ta. Haɓar uwarta ce, taurin kan kuwa ya san inda ta samo shi. Ya tuna Dogo yana sa bawul a leda, idonsa a ƙasa, yana rufa wa tsoho asiri kamar yadda ake rufa wa marar lafiya zane. Yanzu ga ta ita ma da nata zanen. Ya dafa kabad, ya miƙe da kyar. Ya kakkaɓe wandonsa. Ya ciro bawul ɗin daga aljihu, ya riƙe shi a tafin hannu, kore da jini sun haɗu a yatsunsa. Har yanzu da nauyinsa, nauyin kayan kirki.

Kukan na'urar ciki ya tsaya. Aka ji ruwa na zuba a kwanon wanke hannu, aka ji an rufe famfo. Famfon da shi ya ɗaura.

Auta ta miƙe, ta buɗe jakarta, ta miƙo hannu.

"Kawo in sa a nan. Ka bi ta ƙofar baya ka tafi gida, ka wanke ciwon nan. Kawo, Baba."

Hannun ƙofar Likita ya juya.

"A'a," in ji Tsoho. "Ba zan bayar ba, kuma ba inda zan je."